Ƙashin Da Aka Ɗora A Karkace

Shafi na 17

Saura minti goma a shiga wurin likita, Herlinda ta tare Nereida a bakin famfon banɗakin mata. Ta tura ƙofa da ƙafa, ta jingina bayanta a jiki yadda ba mai iya shigowa.

"Layi na sha ɗaya," ta ce. "Ki tsallake shi."

Nereida ta ci gaba da wanke hannunta. Shekararta takwas tana aikin tafinta a wannan ofishi da ake kawo ƙasusuwan mutanen da hamadar Arizona ta cinye, tana juya Turancin likitoci zuwa Sifaniyancin da iyaye da matan mamata za su gane. An sha roƙonta ta sassauta kalma. An sha roƙonta ta maimaita. Amma a ce ta tsallake, yau ta fara ji.

Ta tambaye ta yadda aka yi ta san abin da ke layi na sha ɗaya. Herlinda ta zaro takardar rahoton da aka miƙa mata a wurin karɓar baƙi, duk ta sha ninki. Ta ce shekara tara tana gyaran ɗakunan otal a Phoenix, Turancin likitoci ya fi ƙarfinta, amma ta san kalmar karaya, ta kuma san kalmar hagu.

Ƙasusuwan da ake magana na mijinta ne, Fidencio. Haka dai takarda ta ce. Bara aka kore shi zuwa Meziko, wata bakwai da suka wuce ya sake biyo hamada zai dawo wa matarsa, aka daina jin ɗuriyarsa. Wani makiyayi ya tsinci ƙasusuwan a ƙarƙashin wata rigar sanyi, katin zaɓen Fidencio a aljihunta. Aka gwada yawun uwarsa, gwaji ya ce ɗanta ne. Yau tsohuwar za ta sa hannu, gobe a ba ta akwati ta tafi da shi gida.

"Mijinki ya taɓa karyewa?" Nereida ta tambaya.

"Tsohuwar nan tana da ciwon zuciya. Ta yi kukanta ta gama, ta sayi fili a maƙabarta, ta sa an rubuta suna a kan dutse. Layi ɗaya ne. Likitar Baturiya ce, ba za ta san kin faɗa ko ba ki faɗa ba."

Nereida ta kashe famfo, ta yagi takarda ta goge hannu.

"Saurara, Herlinda. A nan bakin famfo ni Nereida ce, abin da kika faɗa ya bi ruwa. Da mun shiga ɗakin can kuwa ni ba mutum ba ce, baki ce. Abin da likita ta faɗa zan faɗa muku, abin da kuka faɗa zan faɗa mata, ba ragi ba ƙari. In akwai maganar da ba kya so a ji, kada ki furta ta a can."

"Ke ba ki da uwa ne?"

"Ina da. Matsa in wuce."

Doña Eufrosina, uwar Fidencio, na zaune a kan benci a baranda, ta naɗe kafaɗa da mayafi, jakar saƙa a kan cinyarta ta rungume da hannu biyu. Ƙaramar mace ce, yanar ido ta rufe mata rabin gani, amma bakin nan lafiya lau. Tana jin takunsu ta hau mita a kan sanyin na'ura, wai mutanen ƙasar nan tun mutum na da rai suke fara sa shi a firji.

Izinin kwana shida aka ba ta ta shigo ƙasar daga Meziko, yau na huɗu. Tun ranar farko take tambayar autanta Rutilio, wanda aka ce mata yana can arewa yana tsinkar tuffa. Herlinda ta ce mata mai gonar ya hana shi hutu. Shi Rutilio mai in'ina ne, tun yana yaro ba ya son magana a waya, saƙo kawai yake rubutowa a karanta mata. Tsohuwar ta ce to ko bai zo ba a aika masa da tsarabarsa, ita ce a jakar nan, ba kuma za ta bar ta a otal 'yan shara su yi mata ɗauki ɗai-ɗai ba.

"Ban da ke, Linda," ta ƙara. "Ke 'yar sharar kirki ce."

Herlinda ba ta yi dariya ba.

Mutum biyu suka tarar a ɗakin. Dakta Halvorsen, likitar ƙasusuwa, doguwa mai furfura, wadda ba ta taɓa sallamar gawa ba sai ta karanta wa dangi rahoto layi bayan layi. Sai Mista Burdette, ɗan sandan gunduma mai riƙe da fayil, da littafinsa da bironsa da katin Fidencio cikin leda. Sifaniyancin Burdette bai wuce na sayen abinci ba, na likita ma bai kai nan ba. Nereida ta zauna a inda take zama kullum, gefen tsohuwar, ɗan baya kaɗan.

Ta faɗi ƙa'idarta cikin harsunan biyu kamar yadda aka saba: duk abin da aka furta a ɗakin nan za ta juya shi, kuma da "ni" za ta faɗe shi, kamar daga bakin mai maganar. Ta faɗa tana kallon Herlinda.

Likita ta fara.

Kowane ƙashi suna uku gare shi a wurin Nereida. Akwai wanda likita ke faɗa, akwai na littafin Sifaniyanci, akwai kuma wanda ake faɗa a ƙauye idan an yanka akuya ko yaro ya faɗo daga bishiya. Na ukun take bayarwa, tana taɓa wurin a jikinta. Da yake tsohuwar ba ta gani sosai, sai ta riƙa bi da nata hannun a nata jikin.

Ƙoƙon kai, cikakke. Doña Eufrosina ta dafa kanta.

Muƙamuƙi, turamen haƙori biyu babu. Ta taɓa kumatu, ta ce duk 'ya'yanta haka suke, shegen shan zaƙi suka gado wurin ubansu. Nereida ta juya, har da shegen. Burdette ya ɗan murmusa.

Allon kafaɗa, dama da hagu. Ƙashin baya, gaɓa uku babu. Haƙarƙari goma sha tara cikin ashirin da huɗu.

Tsohuwar ta tambaya ina sauran biyar. Likita ta ce namun jeji kan ja wasu su tafi da su. Tsohuwar ta dafa awazarta, ta ce to, su ma bayin Allah ne, a ci gaba.

Ƙugu na namiji. Shekaru tsakanin ashirin da biyar da talatin da biyar. Ƙashin cinya biyu, lafiya.

Likita ta juya shafi, ta gyara tabarau, ta karanta layi na sha ɗaya. Dogo ne, ya fi sauran.

Ƙafar Herlinda ta danne ta Nereida a ƙarƙashin tebur. Nereida ba ta motsa ba, ƙafa ba magana ba ce. Ta ja numfashi za ta fara, sai Herlinda ta sunkuyo kamar mai gyara takalmi, ta yi ƙasa da murya.

"Don girman Allah ki wuce shi."

Nereida ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta buɗe, ta dubi likita, ta faɗa da Turanci a fili, ba ta ƙara ba ta rage ba: don girman Allah ki wuce shi. Ta kuma bayyana cewa matar mamacin ce ta faɗa.

Biron Burdette ya tsaya. Likita ta sauke takarda.

"A wuce me?" in ji Doña Eufrosina. Idonta ne ya mutu, ba kunnenta ba.

Nereida ta yi aikinta. Sunan ƙashin a bakin likita da na littafi ɗaya ne, tibia. Tsohuwar ta yamutsa fuska, ba ta san shi ba. Nereida ta ɗaga ƙafa ta ƙwanƙwasa gaban ƙwaurinta.

"Ƙwauri, Iya. Na hagu. Ya taɓa karyewa tun yana yaro, ya warke, amma a karkace ya haɗe. Likita ta ce ba ɗorin asibiti ba ne. Ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta da kamar faɗin yatsa."

Hannun tsohuwar ya gangara zuwa ƙwaurinta na hagu. Ya tsaya a nan.

Likita ta yi bayani a hankali. Ta ce a takardar cigiya da aka cike wata bakwai da suka wuce, an tambaya ko Fidencio ya taɓa karaya, matarsa ta ce a'a. Ba wani abu ba ne, mutane da yawa ba sa lissafa ɗorin gida, wata matar ma ba ta san abin da ya sami mijinta yana yaro ba. So take uwa ta tabbatar, a rufe fayil.

Doña Eufrosina ta ce a nuna mata. Likita ta turo hoto. Tsohuwar ta kai shi dab da hanci, ta mayar.

"Ni da hannu nake gani. A kawo min shi."

Likita ta dubi Burdette, ya ɗaga kafaɗa. Ta tashi ta fita.

Ƙofa na rufuwa Herlinda ta juyo za ta yi wa surukarta magana. Nereida ta ɗaga yatsa, ta tuna mata cikin harsunan biyu cewa zaman bai tashi ba, Mista Burdette na nan, ita ma tana nan. Herlinda ta haɗiye maganar. Ta tsura wa tagar da ke kallon titi ido, ta kawar, ta sake tsura mata.

Likita ta dawo da faranti mai farin ƙyalle. Ta miƙa wa tsohuwar safar hannu, tsohuwar ta ture, ta ce ba da safa ta haife shi ba. Likita ba ta ja ba.

Yatsun Doña Eufrosina suka fara daga wajen gwiwa, suka biyo ƙasa a hankali. Kusa da tsakiya akwai kumburi kamar gaɓar rake, daga nan ƙashin ya ɗan kauce. Ta zagaya wurin da babban yatsa sau uku.

Da ta fara magana muryarta ba ta sauya ba, kamar mai ba da labarin farashin masara. Nereida na biye da ita da Turanci, jimla bayan jimla.

Shekararsa tara, ta ce. Alfadarin kawunsa ya yar da shi a kan dutse ranar bikin waliyin garinsu. Asibiti tafiyar awa huɗu ce, ba mota. Aka kira Don Melquíades mai ɗori, aka taso shi daga wurin biki ya riga ya sha ya yi tatul. Ya shafa farin ƙwai, ya jera kara, ya ɗaure da tsumman zanenta.

"Ni na riƙe ƙafar," in ji tsohuwar.

"Ni na riƙe ƙafar," in ji Nereida da Turanci.

"Na ce masa, Don Melquíades, ya karkace. Ya ce mace me ta sani a ɗori. Kwana arba'in yaron na kwance. Da ya tashi, ya tashi da ɗingishi."

Likita ta sauke ajiyar zuciya, ta jawo biro. Ta ce to madalla, ke nan an tabbatar Fidencio ya taɓa karyewa. Nereida ta juya.

"Fidencio?" Tsohuwar ta ɗago. "Fidencio ko farce bai taɓa karyawa ba. Tsoron alfadari yake kamar me."

Ta kwance bakin jakar saƙar. Ta fitar da ƙullin busasshen barkono ta ajiye gefe. Ta fitar da dunƙulen cakulan da ta niƙa da hannunta ta ajiye gefe. Daga can ƙasa ta zaro takalma sababbi na fata, ɗinkin ƙauye, ta dire su a kan tebur kusa da farantin.

Ba sai an yi wa kowa tafinta ba. Tafin na hagu ya fi na dama kauri da faɗin yatsa.

"Duk shekara nake sa baduku ya ɗinka masa. Na kanti ba sa yi masa, suna sa masa ciwon ƙugu." Ta mayar da hannu kan ƙashin. "Wannan Rutilio ne."

Nereida ta faɗa. Ta ji kanta tana cewa wannan Rutilio ne.

Likita ta cire tabarau. Ta ce gwajin yawu bai yi ƙarya ba, cewa ya yi ɗanta ne, bai faɗi wanne ba, kuma ba wanda ya sanar da ofis cewa akwai ɗa na biyu da ya bi hanyar. Burdette ya gyara zama, ya ɗaga ledar katin, ya tambaya: in wannan Rutilio ne, yaya aka yi rigar Fidencio da katinsa suka rufe shi, kuma shi Fidencio yana ina?

Nereida ta juya tambayar. Ta san abin da ke bayanta, Herlinda ma ta sani. Wanda aka taɓa kora ya sake shigowa, in ya shiga hannu kurkuku ne tukuna kafin a mayar da shi. Kuma duk abin da ya shiga littafin Burdette ya shiga.

Doña Eufrosina ta sa yatsa ɗaya ta ture takardar sa hannun har ta kai gaban likita. Sannan ta juya ga matar ɗanta.

"Linda."

"Mama."

"Wa yake rubuto min cewa tuffa ta yi kyau bana?"

Herlinda ta sunkuyar da kai.

"Wa ya rubuto min ranar Kirsimeti cewa ya yi ƙiba? Na sa 'yar maƙwabta ta karanta min sau huɗu. Na je coci na kunna kyandir na gode wa Allah da Ya bar min ɗaya."

"Mama, sai mun fita."

Nereida ta faɗa da Turanci: Mama, sai mun fita. Herlinda ta watsa mata wani kallo. Burdette ya rubuta.

Tsohuwar ta ce ba inda za ta. Wata bakwai tana kukan wanda ba shi ba, tana yi wa mamaci ɗinkin takalmi, ba za ta tashi ta bar autanta a kan faranti ta je ta ji labarinsa a wurin ajiye motoci ba. A gabansa za a faɗa.

"Tare suka tafi?"

Herlinda ta gyaɗa kai.

Nereida ba ta juya komai ba. Gyaɗa kai ba furuci ba ne, ba ya cikin aikinta. Burdette na kallon littafinsa, bai gani ba. Herlinda ta lura da haka, ta ɗan sami numfashi.

"Na hana Fidencio ya ja shi. Na sa shi ya rantse min a kan kabarin ubansu. Na ce ƙafar nan ba ta kwana uku a hamada. Tare suka tafi, Linda?"

Herlinda ta sake gyaɗa kai, da ƙarfi, hawaye na ɗiga a kan tebur.

"Ba na ganin ki. Inuwa kawai nake gani. In kai kike kaɗawa, ki bar shi, da baki za ki faɗa min." Tsohuwar ta laluba ta kama hannunta. "Abu ɗaya nake tambaya. Ɗaya na rasa ko biyu? In shi ma yana cikin wani kwali a gidan nan, a fito min da shi yanzu in taɓa, na gaji."

Nereida ta juya wannan ma. Likita ta kawar da kai. Burdette ya ɗago, ya zuba wa bakin Herlinda ido.

Herlinda ta dubi Nereida, ta dubi taga. Leɓen tsohuwar ya fara canja launi, numfashinta na fita guntu-guntu, amma ba ta saki hannun ba.

"Ɗaya, Mama," Herlinda ta ce, maganar na fita da gudu kamar an ɓalle ta. "A rana ta uku ƙafar ta ƙi. Fidencio ya goya shi har ya kasa, ya rufe shi da rigarsa ya tafi neman ruwa, ya dawo ya tarar an gama. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ke ba, gara a ce shi ne ya mutu. Shi yake rubuto miki. Yana raye. Ga shi can tsallaken titi cikin shuɗiyar akori-kura, tun safe yake bin mu don ya hango ki ko daga nesa."

Ta toshe bakinta da hannu, amma ta riga ta fita.

Nereida ba ta so ta duba ba, idonta ne ya tafi da kansa. Tsallaken titi, a inuwar shagon gyaran taya, shuɗiyar akori-kura na tsaye. Mutum ɗaya a ciki, ya ja hula ya rufe rabin fuska.

Doña Eufrosina ta saki hannun Herlinda. Ta laluba gefenta, ɗan baya kaɗan, inda ta san tafinta ke zama, ta damƙi tsintsiyar hannun Nereida. Yatsun da suka gama shafa ƙashin ne, da sanyinsa a jikinsu.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "kin faɗa min ƙwauri, na gode. Da kin tsallake da na binne shi da sunan wani. Yanzu kuma ni ce nake roƙon ki. Shi kaɗai ya rage min."

Burdette ya juya sabon shafi, ya danna kan biro.

"Tafinta," ya ce. "Magana biyu aka yi ban ji ko ɗaya ba. Me suka ce?"

Nereida ta dubi takalman a kan tebur, ta dubi hannun da ke riƙe da nata. Ta juya ta fuskanci Burdette, ta buɗe baki.